Harafi Ɗaya

Gara ta riga ni zuwa.
Ta ci kusurwar hoton, ta ci kafaɗar hagu,
ta ɗanɗana hular, ba ta yi mata ba.
Ta bar mini fuska, da hannu biyu,
da naɗin waya a wuya kamar rawanin da ya zame.

Wannan shi ne Makau, kakan babana.
Duk Bilbis an san zancen:
wai ranar da aka haife shi sama ta ɓalle,
kwana uku ba a hura wuta ba a Tawa.
Mun sha labarin tare da kunu,
ba wanda ya ce, wa ya gani?

Na juya bayan hoton don in kaɗe ƙura.
Hatimi mai ruwan shuni, ya kusa mutuwa:
Segu.
Ƙarƙashinsa rubutun wani akawu mai sauri:
Makan Tarawele, mai ɗaurin waya.

Makan.
Harafi ɗaya muka karɓe masa,
muka ba shi ruwan sama a madadin.

Na tafi bariki. Littafin haraji ya yi laushi kamar ganye.
Shekara ta farko: baƙo.
Ta biyu: baƙo.
Ta tara: baƙo, mata ɗaya, akuya huɗu.
Ta goma sha ɗaya babu komai gaban sunan.
Akawun ya gaji, ko garin ne ya manta.

Gwaggo Kuluwa ta kai hoton bakin hanci,
ta mai da shi nesa, ta sake kawowa.
"Mi kake biɗa gare shi? Mutum ne, ya yi salla, ya mutu."
Ta tauna goro. Na yi shiru.
Can ta ce: "Ba ya son hura.
In damina ta cika Babaye
yana zama bakin tabkin har magariba
yana kallon ruwan kamar mai bin sa bashi.
Ya sayi kifi, ya shinshina, ya ba kyanwa."

Sai ta kama yatsun ƙafar jikarta,
wasan da ta yi mini, wanda uwarta ta yi mata:
kelen, fila, saba, nani, duru,
sai cakulkuli.
Shekara arba'in ina tsammanin
surutun tsofaffi ne don yaro ya yi dariya.

A tasha akwai mai shayi, mutumin Mali,
Bakari ake ce masa, ban taɓa tambayar sauran ba.
Na zauna kan bencinsa na ce: kelen, fila, saba...
Ludayi ya tsaya a sama.
"Woro," ya ce. "Wolonwula. Segin."
Ashe lissafin bai ƙare a biyar ba,
ƙafar ce ta ƙare.

Na miƙa masa hoton. Ya goge hannu kafin ya karɓa.
Ya karanta bayan, ya dube ni, ya bushe da dariya
har direbobi suka waiwayo.
"Tarawele! Ni Jara ne.
Ashe bawana ke zaune nan shekara da shekaru
yana shan shayi ba gaisuwa!
Ku da ba ku san komai ba sai cin wake!"

Taubashi, a bakin tasha,
daga kogin da ban taɓa gani ba.
Ban san abin da ake ramawa ba.
Na ce shayinsa ruwa ne, na ce burodinsa na jiya ne.
Ya ce madalla, jinin yana nan.

Ya ƙi karɓar kuɗi.
Gobe ma, ya ce, in zo da wake.